Me ya sa ake yanke labarin zane in za a mai da shi fim ɗin katun

Ɗan'uwa, ka ce me ya sa in aka ɗauko labarin zane na intanet aka mai da shi dogon fim ɗin katun sai ka ga an yanke kusan rabi. Wallahi yawanci matsalar lokaci ce da kuɗi. Mai zanen nan shi kaɗai ne da kwamfutarsa, yana sakin shafi ɗaya ko biyu a sati, shekara da shekaru labarin na ta yin rassa yadda ya ga dama, shi kuwa fim yawanci bai fi minti 90 zuwa 100 ba, kuma kowane sakan hoto 24 ke wucewa. A zane za ka ga mutum ya ɗaga takobi, hoto na gaba abokin faɗansa na kwance a ƙasa, kai mai karatu ka cike tsakanin da kanka. A fim dole wani ya zauna ya motsa hannun nan, a sa murya, a sa kiɗa, kuma kowa sai an biya shi.

Dubi labarin zane mai suna Nimona, mai zanensa ND Stevenson ya fara sa shi a intanet a 2012, ya zama littafi a 2015, kamfanin Blue Sky na tsakiyar aikin fim ɗin Disney ta rufe kamfanin a 2021, sai kamfanonin Annapurna da Netflix suka karɓa ya fito a 2023 har ya shiga takarar kyautar fina-finai ta Oscar, kuma sun canza abubuwa da dama har da ƙarshen labarin.

Ni yankan bai dame ni ba sosai, abin da nake fara dubawa shi ne an sa mai labarin cikin aikin, ko an sayi haƙƙin ne kawai an sallame shi.