Inkscape zai iya zanen labarin barkwanci na intanet?

Ka ce in ka ƙara girman zanenka sai layukan su dishe, kana tambaya ko Inkscape, wato manhajar zane ta kwamfuta, zai magance maka. Ƙwarai kuwa, don shi da lissafi yake ajiye layi, ko ka ninka hoton sau goma fes zai fito, kuma kyauta ne.

Ni yadda nake yi, ina jera zanen hawa-hawa, kowane hawa ana ce masa leya: zanen fensir a leya ta ƙasa in kulle ta, layukan tawada a sama, kala a tsakaninsu, kumfar magana can saman duka. Fuskar jaruminka kuwa ka zana ta sau ɗaya ka riƙa kwafowa kana canja baki da gira kawai, wallahi wannan kaɗai ya rage min rabin wahala. Tun fitowar Inkscape 1.2 a 2022 ma ana iya shafuka da yawa a fayil ɗaya.

Inda mutane ke faɗawa shi ne cika ɗigo (wuraren da ake ja don lanƙwasa layi) a jikin layi har ya karkace, ɗigo uku sun ishi lanƙwasar kunci. Sannan ka mayar da rubutu zane kafin ka tura wa wani SVG ɗin (fayil ɗin da Inkscape ke ajiye aikinka a ciki), in ba haka ba font ɗin, wato salon haruffan, zai iya canjawa a kwamfutarsa. Wanda za ka ɗora a intanet kuma ka fitar da shi a hoto irin na PNG.

In bugawa a takarda kake so, tuntuɓi ƙwararren mai ɗab'i kan kalar CMYK (tsarin kalar da injin ɗab'i ke aiki da shi) tukuna.