Hukuncin haƙar ma'adinai a duniyar wata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune a Agege. Ɗana yana karatun injiniya a nan Legas, ya ce burinsa ya yi aiki da masu shirin haƙo ma'adinai a duniyar wata. Da na kai maganar majalisarmu bayan isha'i sai gardama ta kaure. Wasu suka ce a Turai da Amurka ma masu rajin kare muhalli suna adawa da abin, wai ɗan Adam ya gama ɓata ƙasa, yanzu zai hau sama. Wani dattijo kuma ya ce wata agogon azumi ne, taɓa shi haramun ne. In bar yaron ko in hana shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka.

Bari mu fara da maganar dattijo, don ita ce mai sauƙi. Wata halitta ce daga halittun Allah, ba harami ba ne kamar Makka da Madina, babu kuma nassin da ya hana taka shi ko ɗaukar ƙasarsa. A Suratul Jasiya, aya ta 13, Allah ya ce ya hore mana abin da ke cikin sammai da abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya, a Suratu Ibrahim kuma ya ambaci rana da wata da sunansu cikin abubuwan da ya hore. Asalin abubuwa irin waɗannan halacci ne har sai dalili ya hana.

Gaskiya ne Suratul Baƙara, aya ta 189, ta ce jinjirin wata ma'aunin lokaci ne ga mutane da aikin hajji. Sai dai ganin jinjiri ya rataya ne a kan inda wata ya tsaya tsakanin rana da ƙasa, da hasken ranar da ke faɗa masa. Faɗin wata kilomita 3,474 ne, ya ninka tafiyar Legas zuwa Kano sau uku. Duk duwatsun da Amurkawa suka kwaso a saukarsu shida, daga 1969 zuwa 1972, kilo 382 ne, bai kai buhun masara huɗu ba. Sin ta kawo kilo 1.7 a 2020. Ko an shekara ɗari ana haƙa, kwamitin Sarkin Musulmi ba zai rasa watan da zai duba ba. Dattijo ya kwantar da hankalinsa.

Maganar masu kare muhalli kuwa ba a haɗa ta a jefar. A cikinsu akwai masu cewa wata yana da wata alfarma ta kansa da ta hana a taɓa shi sam. Wannan ba mu da shi a addini. Akwai kuma masu cewa a duba halin ɗan Adam in ya ga arziki a ƙarƙashin ƙasa, kuma waɗannan mu 'yan Nijeriya ba mu da bakin ƙaryata su. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran abin da malalar mai ta ɓata zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Aya ta 41 a Suratur Rum ta riga ta faɗa, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Wani zai ce ai wata babu yaro, babu kifi, babu gona, wa za a cuta? Akwai. Wata ba shi da iska ko ruwan sama da zai shafe tabo, sawun takalman da aka bari a 1969 suna nan. Abin da aka fi kwaɗayi a yanzu ma ba zinariya ba ce, ƙanƙara ce da ke kwance cikin wasu ramuka a ƙuryar kudu, inda rana ba ta leƙawa. A sha ruwanta, a raba shi a sami iskar shaƙa da man roka. Ƙanƙarar nan ta taru ne a tsawon zamunna masu nisa, wuraren da take 'yan kaɗan ne, in an kwashe ba ta dawowa. Wanda ya riga isa ya kwashe ya cuci na bayansa, ya kuma cuci masu binciken da ke son karanta tarihin halitta a cikinta. Hadisin «la darara wa la dirar», ba cuta ba cutarwa, bai ce sai wanda ake cutar yana tsaye a wurin ba.

A nan ne fiƙihu yake da abin faɗa fiye da yadda ake zato. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi (SAW) ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib, aka ba shi. Da ya juya sai wani a majalisar ya ce, ka san abin da ka ba shi? Tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga da ba ya yankewa. Sai Annabi (SAW) ya karɓe. A wani hadisin kuma ya ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Sanannen zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne ma'adini hukuncinsa na hannun shugaba, ya ba wanda ya ga dama damar amfana da shi gwargwadon maslahar jama'a, ba ya mallaka masa asalin wurin.

Na san za a ce ƙanƙarar wata ba kamar gishirin Ma'arib ba ce, wancan a fili yake, wannan sai an kashe dukiya mai yawa. Haka ne, shi ya sa ban ce wanda ya haƙo ba shi da komai ba. Ka dubi 'yan garuwarmu da ke tura kura a lungunan Agege. Ruwan da ke cikin jarkarsu nasu ne, sun sha wahalarsa, halal ne su sayar. Amma da ɗayansu zai je ya kewaye kogin Ogun ya ce daga yau ba mai ɗiba sai shi, da ba malamin da zai halatta masa. To abin da kamfani ya haƙo da guminsa nasa ne. Ramin da ya haƙo daga ciki ba nasa ba ne, kuma ba shi da ikon ya ƙarar da shi ko ya tare hanya.

Wane ne shugaba a duniyar wata? Babu. Abin da ke tsaye a matsayinsa shi ne alkawarin ƙasashe, mu kuwa an umarce mu da cika alkawari a farkon Suratul Ma'ida. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa ta ce wata ko wani yankinsa nata ne. Ta 1979 ta ƙara da cewa arzikin wata gadon ɗan Adam ne baki ɗaya, wanda ya fi kusa da abin da malamanmu suka faɗa, amma Amurka da Rasha da Sin ba su shige ta ba. A 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta mallakar abin da suka haƙo a samaniya, Luksambog ta bi sahu a 2017. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ta jagoranta kan ƙa'idojin binciken wata da amfani da arzikinsa, a Disambar 2022. Ni dai ina ganin rabon da masu roka kaɗai suka zauna suka yi, da wuya ya tuna da wanda ba shi da ko tsani.

Batun ƙaura a koma sama da zama ba zan tsawaita ba. Zuwa don bincike halal ne in masana sun rinjayar da tsira, malaman Malesiya ma sun tsara wa ɗan sama jannatinsu yadda zai yi salla da azumi a tashar samaniya a 2007. Tafiyar da ba dawowa, wadda halaka ta fi yawa a cikinta, ba ta halatta. Masu cewa kuma a bar ƙasa ta lalace tunda akwai wata duniyar, wannan cin amanar halifanci ne.

Saboda haka, Alhaji, kada ka hana shi. Karatun halal ne, al'umma ma tana bukatar masu shi, Nijeriya tana da hukumar samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003. Har yau ba wanda ya fara haƙar kasuwanci a wata, yawancin aikin da zai samu na auna ƙasa ne da ƙera na'ura. In ya kai ga aiki da masu haƙa, ya duba abu uku kafin ya karɓa: kada su zama masu da'awar mallakar wurin ko hana wasu, kada su ɓoye binciken illar aikinsu, kada aikin ya zama na makami. In ya shiga daga baya ya ga ɗaya daga ciki, ya faɗa musu, in ba su ji ba ya ajiye aikin.

Allah ne mafi sani.