Amsa: Me ya sa ra'ayi ya rabu kan fim ɗin Black Out na ƙasar Holan?

Malam, ka tambaya me ya sa wasu ke yabon Black Out wasu kuma suna kushe shi, kuma ko ya dace ka kalla da iyali. Fim ne na 2012, Arne Toonen ya ba da umarni. Raymond Thiry ya fito a matsayin Jos, tsohon ɗan daba da ya tuba, wanda ya farka ana gobe ɗaurin aurensa ya ga gawa kusa da shi, bai tuna komai ba, ga kuma 'yan fataucin hodar ibilis suna zarginsa da sace musu kilo 20.

Inda aka rabu shi ne barkwancin. Ana duka, ana zubar da jini, amma an tsara shi don a yi dariya. Masu yabo suna jin daɗin saurin labarin da yadda kowane mugu ke da tasa wautar. Masu kushe kuwa suna cewa kwaikwayon finafinan 'yan daban Ingila irin na darakta Guy Ritchie ne, kuma mutanen cikinsa sun yi yawa har mai kallo ya rikice. Wannan ƙorafin na biyu yana da ƙamshin gaskiya. Ni dai ina cikin masu yabo, saboda Thiry: fuskarsa a murtuke, gajiya ta bayyana, shi ya riƙe fim ɗin.

Da yara kuwa, a'a, kada ka kunna. Akwai ashar da tashin hankali sosai. Ka nemi kwafin fim ɗin da ke da fassara a rubuce, don da yaren Holan suke magana.