Amsa ga ɗan ƙanwata mai son zuwa Jamus aikin tayil

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙon muryarka ya iso, kuma shi ne na uku cikin wata biyu, tare da hotunan falon da ka yi wa tayil a Rijiyar Zaki. Ka ce shekararka shida a sana'ar, har ka wuce 'yan Kwatano da suka koya maka, don haka in nema maka hanya ka zo Jamus tunda ka ji ana neman masu aikin hannu. Neman kam ana yi, kuma aikinka ya yi kyau a ido, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba, domin abin da ake biyan mai tayil saboda shi a ƙasar nan, kuma ake kai shi kotu saboda shi, yana kwance ne a ƙarƙashin tayil ɗin, inda hoto ba ya nunawa.

Bari in ɗauki aiki guda wanda nake yi kusan kowane mako a Hamburg, wato sa tayil a kan wayar ɗumama daɓe. Sanyin nan ba irin hunturun Kano ba ne, shi ya sa masu gida da yawa idan za su sabunta banɗaki suke so a shimfiɗa musu wata raga mai faɗin santimita 50, wadda aka ɗinke siririyar wayar lantarki a jikinta, kaurinta bai wuce milimita 3 ko 4 ba, a binne ta a ƙarƙashin tayil don ƙafa ta riƙa taka ɗumi. Wadda aka fi sawa tana cin wat 150 a kowace murabba'in mita, ka ga ke nan filin murabba'in mita 4 zai ci wat 600. Ragar ana iya yanka ta da almakashi don a juya ta a kwana, amma wayar kanta ba a yanka ta, ba a rage tsawonta, ba a bari wani sashe ya hau kan wani, kuma ba a shimfiɗa ta a ƙarƙashin bahon wanka ko masai ko kabad, saboda zafi zai taru a wurin har ya ƙone ta.

Rabin aikin yana ƙarewa ne tun kafin a kwance ragar daga naɗinta. A gida mun saba da jiƙa tayil, a zuba kwaɓin siminti da yashi mai kauri, a ɗora, a bubbuga da gudumar roba, duk inda daɓe ya yi kwari kwaɓin ya cike. A nan sabon daɓen siminti sai ya yi kwana 28, sannan a auna damshin cikinsa da na'ura, idan ya haura kashi 2 cikin ɗari a dakata ko da mai gida yana tsalle. Bayan haka a zuƙe ƙura da inji, a shafa ruwan share fage wanda ke sa gam ya kama, a liƙa soso siriri a gindin bango zagaye da ɗakin domin daɓen da ake ɗumamawa yana buɗewa yana tsukewa, idan bai sami wurin motsi ba tayil ne zai tsage. Sai a sassaƙa ɗan rami a daɓe a kwantar da bututun da ma'aunin zafi zai shiga, a daidaita bakinsa tsakanin layin waya biyu, don ranar da ma'aunin ya mutu a zaro shi ba tare da an fasa komai ba.

Mitar awon waya ba ta barin aljihuna. Ragar wat 600 a kan wutar bolt 230 ya kamata ta nuna wajen om 88 a mitar (om shi ne ma'aunin tirjiyar waya ga wuta), kuma sau uku nake aunawa in rubuta a takarda: kafin shimfiɗawa, bayan shimfiɗawa, da bayan an gama sa tayil. Ina kuma ɗaukar hoton yadda wayar ta kwanta da tef ɗin awo a gefenta. Daga nan a malala ruwan siminti mai daidaita kansa har ya rufe wayar, ya bushe, a banɗaki kuma a bi da shafen hana ruwa shiga, sannan a zo kan tayil da gam mai ɗan lanƙwasa, a ja shi da cokali mai haƙora a ƙasa, a kuma shafa a bayan tayil ɗin. Ramin iska ko ɗaya ba a so, domin wayar da ba ta manne da komai ba ba ta da inda za ta sauke zafinta. Haɗa wayar da wutar gida ba aikina ba ne, na mai wayarin ne wanda ke da lasisi, kuma dole layin ya bi ta makashin da ke yanke wuta da zarar yoyon wutar ya kai miliamfiya 30.

Wannan duka ban koye shi a sauƙaƙe ba, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. A shekarata ta farko, ina ɗauke da girman kai irin naka, maigidana ya ce lokaci ya ƙure, mu ɗora tayil kai tsaye a kan ragar ba tare da malala ruwan simintin ba. Washegari na ɗauki wuƙa ina kankare gam daga tsakanin tayil kamar yadda muke yi a gida, ashe bakin wuƙar ya shafi rigar wayar. Ba wanda ya auna a karo na uku. Bayan makonni da aka kunna, wuta ta riƙa yankewa, aka kira mai na'urar gano inda waya ta lalace, aka fasa tayil uku irin manyan nan masu tsada, aka kwana biyu ana neman irinsu. Maigidan ya tsaya gaban matar gidan ya ɗora mini laifin baki ɗaya, bai ambaci cewa shi ya tsallake mataki ba, ni kuwa Jamusancina a lokacin bai kai in kare kaina ba, sai na tsaya ina kallonsu kamar gunki. Wannan tsayuwar ta fi kuɗin da aka cire mini ciwo, kuma ita ta mayar da ni aji ina da furfura.

Ko bayan an gama, haƙuri bai ƙare ba, domin ba a kunna wutar sai gam ya bushe sarai, ni mako biyu nake sa wa masu gida ko da kamfanin gam ɗin ya rubuta ƙasa da haka, sannan a riƙa ƙara zafin kaɗan-kaɗan a kwanaki. Dokar ƙasar nan ta ɗora wa mai aikin gini alhakin aibin aikinsa har shekara 5, saboda haka tayil ɗin da ya ɗago bayan shekara uku kai za a nema. Alhamdu lillahi, yanzu ni ake turawa gidajen da wasu suka ɓata, kuma yara biyu 'yan ƙasa suna koyo a hannuna.

Maganar hanya kuwa, kada ka ba kowa ko sisi a kan zai kawo ka. Shekara shidanka ba su da takarda, Jamusawa kuma takarda suke karantawa. Koyon sana'ar a nan shekara 3 ne, ana raba lokaci tsakanin makaranta da wurin aiki, ana biyan ɗan alawus wanda haya ke cinye yawancinsa, kuma biza irin wannan tana buƙatar Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin mataki, wanda ake jarrabawarsa a cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe da ke Legas. Batun ka zo ka buɗe naka kamfanin ka ajiye shi tukuna: daga 2004 an sakar wa masu tayil mara, amma a 2020 aka dawo da sharaɗin sai mai takardar Maista, wato shaidar zama cikakken gwani a sana'ar.

Ka fara karatun harshen, ka turo mini hoton sakamakonka na sakandare. Sannan ka sayi buhun gam guda da cokali mai haƙora, ka sa tayil huɗu a wani lungu na tsakar gida, ka ɗago ɗaya tun gam bai bushe ba, ka ɗauko mini hoton bayansa in ga ko akwai inda gam bai taɓa ba. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun mai tahowa ƙarshen wata.

Kawunka.