Ka kwaikwaya tukuna, sannan ka nemi naka

Ɗana, ka ce duk abin da ka tsara a gita sai ya fito da kamannin Necrophagist, ƙungiyar nan ta Jamus mai kiɗan death metal, har kana jin kunyar kunna wa mutane, kana tambaya ko ka daina sauraron su gaba ɗaya. Kada ka daina. Wannan death metal, kiɗan gitar lantarki mai tsananin ƙarfi da sarƙaƙiya, mai yawan sauya bugu da gudun yatsu, ba a koyonsa sai da kwaikwayo, kamar yadda ɗan makaɗi ke bin ubansa da ƙaramar ganga shekara da shekaru kafin a ba shi kalangu.

Damuwata da kai ɗaya ce: kana kwashe abin da yatsunsu suka yi, ba ka tambayi dalilin da ya sa suka yi shi ba. Su ma fa aro suka yi. Ƙungiyoyin Atheist da Cynic, 'yan Fulorida a Amurka, daga jaz suka ɗebo nasu a farkon shekarun 1990. Muhammed Suiçmez ɗin da kake bi, jagoran Necrophagist, ɗan asalin Turkiyya da ya tashi a Jamus, kiɗan classical na Turawa ya cusa a cikin gudun yatsunsa, kuma kusan shi kaɗai ya naɗi faifansa na farko na 1999, injin ganga ne ya buga masa. Karl Sanders na ƙungiyar Nile ya koma tarihin tsohuwar Masar da kayan kiɗan Gabas ta Tsakiya. Gorguts na Kanada kuwa a 1998 suka fitar da faifan Obscura, cike da sautuka masu karo da juna, har wata ƙungiya a Jamus ta ɗauki sunan faifan ta mai da shi nata. Kowannensu ya kawo abin da kunnensa ya riga ya sani daga wani wuri.

Kai me kunnenka ya sani? A Marwa ta Kamaru ka tashi. A garin nan 'yan ƙungiyar Los Camaroes suka taso, kuma mai gitarsu Messi Martin shi ya danne tsirkiyoyi har gitar lantarki ta riƙa magana kamar balafon, abin kiɗan nan na jerin katakai da ake bugawa da sanda, daga nan bikutsi na zamani, kiɗan rawa na kudancin Kamaru, ya kama hanya. Danne tsirkiya da gefen tafin hannu kuwa ai shi ne rabin sana'armu! Kana jin algaita da ganguna ranar hawan Lamido, ka san yadda bugu uku ke hawa kan bugu biyu ba tare da ka ƙirga ba. Abin da wasu ke zama da takarda suna lissafawa, kai a jikinka yake.

Sai dai ka kiyayi abu guda, don yana ɓata min rai: a sa algaita ta daƙiƙa goma a farkon waƙa, sauran duka na Turawa, a ce an yi na gida. Ado ne kawai wannan. So nake bugun ya shiga ƙashin waƙar.

Ga aikin makon nan. Je wurin masu kalangu ka nemi izini ka naɗi kiɗa ɗaya a waya. Buga shi a kan tsirkiya mafi kauri kaɗai, a danne, metronom, na'urar ƙirga bugu, na tafiya a hankali. Kada ka ƙara sauri sai kowane bugu ya fito tsaf. Bayan nan ka ɗora masa sautukan da ka koya wurin Suiçmez, ka kawo min ranar Asabar mu saurara tare da mai ganga.