Na sayi ƙaramar motar ado mai tsada amma ba ta da nauyi, an cuce ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni daga Tumfure nake a Gombe, na jima ina tara ƙananan motocin ƙarfe, yawanci na kamfanonin Maisto da Bburago. Kwanan nan na ƙuƙuta na yi odar ta kamfanin AUTOart mai sikelin 1:18 (wato motar gaske ta ninka ta tsawo sau 18) guda ɗaya, kuɗin da ya ci sai dai a yi shiru, da ta iso na ɗaga sai na ji ko nauyin Maisto ɗina ba ta kai ba. Abokaina sun ce jabu aka turo min, roba ce. Wallahi ko barci ban yi ba. An cuce ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, rashin nauyi shi kaɗai ba ya nuna an cuce ka. AUTOart sun daɗe da komawa yin bodin yawancin sabbin motocinsu da wata roba mai tauri da ake kira ABS, su bar ƙarfen a ciki, saboda robar tana ba da layi siriri da kaifin gefe wanda ƙarfe ba ya bayarwa. Duba kwalin, in ka ga an rubuta composite, wato haɗin roba da ƙarfe, to abin da ka biya shi aka kawo maka. Akwai masu tarawa da har yau ba su yafe wa kamfanin wannan canji ba, ni ma na fi son ƙarfe a hannuna, amma wannan ra'ayi ne, ba zamba ba ce.

Bambancin mai araha da mai tsada ido ke ganinsa. Ajiye su biyun gefe da gefe ka duba tazarar ƙofa da bodi, a Maisto za ka ga rami mai faɗi da ƙaton maƙalin ƙofa kamar ƙafar kare, a ɗayar ƙofar tana rufuwa ruf. Leƙa fitila, leƙa injin ka ga wayoyi, shimfiɗar ƙasa, bel ɗin kujera. A ƴan ƙanana masu sikelin 1:64 ma haka ne, Hot Wheels na gama-gari yawanci ƙasansa roba tayarsa roba mai tauri, na firimiyam irin Car Culture ƙarfe sama ƙarfe ƙasa da tayar roba mai laushi, Mini GT kuma har madubin gefe da gilashin fitila. An ce araha ba ta ado, amma a nan ban yarda gaba ɗaya ba, Maisto a kuɗinta ta yi, kuma wanda ya fara da ita bai yi asara ba.

Yanzu ga abin da ya dame ni, wannan maganar ta nauyi. Kullum sai na ji ta. Mai kaya ya ɗora maka mota a tafin hannu ya ce "ji nauyi Alhaji, orijinal ce", kai kuma ka zaro kuɗi. Wa ya ce muku nauyi inganci ne? Ƙarfen da ake zuba waɗannan motocin sunansa zamak, zinki ne aka haɗa da alminiyom da magniziyam da jan ƙarfe, kuma ba shi ne mai tsada a cikin motar ba, kowace ƙaramar masana'anta za ta iya zuba shi da kauri ta ba ka mota kamar dutse. Kuɗin yana tafiya ne a lasisin kamfanin motar, da injin zubi mai kyau, da fenti, da hannun da ya zauna ya haɗa ƙananan sassa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ga inda haɗarin yake, in zinkin ba mai tsabta ba ne, in dalma ta shiga ko da ƴar kaɗan ce, motar tana kamuwa da ciwon da ke cin ƙarfen daga ciki. Da farko fenti ya fara ƙuraje, sai bonet ya ƙi rufuwa, sai tsaga ta fito, wata rana ka ɗauka ƙofa ta gutsure a hannunka. Laima ce ke hanzarta shi, wato watan Agusta namu, kuma ba shi da magani, in ya fara ya fara. Hannunka ba zai taɓa auna wannan ba, mai tsabta da mai dauɗa nauyinsu ɗaya. Ko manyan kamfanoni ya taɓa kama wasu motocinsu, balle wadda ba suna a ƙasanta, ba ƙasar da aka yi ta, ba komai. Irin waɗannan marasa sunan ne mutane ke saya don sun ji nauyi, su miƙa wa yaro ɗan shekara biyu yana tsotsa, ba wanda ya san abin da ke cikin fentin ko ƙarfen. Ko taka mai tsadar ma ba ta yara ba ce, kwalin irinsu ana rubuta shekara 14 zuwa sama, madubi ko goge-gilashi in ya ɓalle abin haɗiyewa ne.

Sannan masu cewa in fenti ya fara ƙuraje a goge da fetur ko man birki, don Allah ku ji tsoron Allah ku daina ba mutane wannan shawarar. Man birki da shi ake cire fenti gaba ɗaya, fetur kuma yana dusar da gilashin roba. Buroshi mai laushi ya isa, musamman lokacin hunturu, kada ka murza ƙurar da tsumma don tana karce fenti.

Kai dai juya taka ka duba ƙasanta, sunan AUTOart da sikelin su fito raɗau ba a dagule ba, lambar da ke kwalin ta dace da launi da samfurin da ke shafin kamfanin. In sun dace, nemo mata akwatin gilashi nesa da taga, kada ka kuskura ka ɗora ta a dashbod, zafin Afrilu a Gombe zai iya lanƙwasa robar. In ba su dace ba ka ɗauki hoton kwalin da ƙasan motar ka turo min kafin ka yi wa mai kayan magana.