Amsa: Bahon wanka ya ƙi ɗumama ruwa

Malam, tunda ka ce famfon bahonka mai ɗumama ruwa da lantarki (hot tub) yana juyawa amma ruwan sanyi ƙalau, kada ka yi gaggawar sayen sabuwar hita. Sau da yawa laifin filta ne. Hitar ba ta kamawa sai ruwa na ratsa ta da ƙarfi, in filta ta toshe da datti, na'urar da ke lura da gudun ruwa sai ta katse mata wuta don kada ta ƙone. A wasu bahunan za ka ga FLO, wato alamar ruwa ba ya gudu sosai, a ɗan allon. Kashe wuta, zare filtar, ka kunna na 'yan mintuna. In zafi ya fara hawa, ka gano ɓarawon.

In kwanan nan ka sauya ruwa, wataƙila iska ce ta maƙale a bututu. Ɗan sassauta mahaɗin da ke jikin famfon har iskar ta fita, ruwa ya biyo baya.

Duba ma ko an bar shi a tsarin tsimin wuta, mutane na yawan manta wannan.

Sai duk sun wuce sannan a auna elemen, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwa a cikin hitar. Mai kilowat 5.5 a kan volt 240 yakan nuna kusan ohm 10 a na'urar awon lantarki in yana da lafiya. Wannan kam bar wa mai gyaran lantarki.